Ƙararrawar Ɗan Baya

Ku samarin da kuke cika mini ƙofar shago bayan la'asar, da hulunanku na kwano da kekunanku masu tayoyi kamar tsinken tsire, tambayarku ɗaya ce kullum: "Baba Alhaji, cikin dogayen tafiye-tafiyen keken da ake shiryawa yanzu, wacce ce ta isa mutum ya ba ta cinyarsa?" Sai ku miƙo mini waya, ga wata an shirya a birni, ga wata za a raba riguna. Wani cikinku har ya ce da ni rannan wai sana'ata ba wahala, zama ne a inuwa, keke ya shigo keke ya fita. Ban tanka masa ba, don bakina da goro. Yau na tofar. Ga amsar, in kuma ta yi muku tsawo, ku tuna doguwar tafiya kuka tambaya.

Facin farko da na yi a duniya a kasuwar Kabo na yi shi, ƙarƙashin darbejiyar Malam Garba mai gyaran keke, wanda mahaifina ya damƙa ni a hannunsa. Wani manomi ne daga Dugabau ya turo kekensa, tayar baya a kwance. Na zare tiyub, na ba shi iska, na bi da shi cikin kwanon ruwa har kumfa ta nuna mini hujin. Na kankare wurin da murfin gwangwanin da muka huhhuda da ƙusa, na shafa sholisho, na jira ya sha iska, na manna. Zan mayar ke nan sai Malam Garba ya kama hannuna, ya zura yatsuna cikin tayar, ya zagaya da su a hankali har ƙayar aduwa ta soke ni.

"Ka ji ta?" in ji shi. "Ido ba ya ganinta, yatsa ne yake nemo ta. Wanda ya yi faci ya bar ƙaya, gobe ma yana da ciniki, amma jibi ba shi da kowa."

Kayan aikinsa duka ba su cika buhu ba: sifana babba da ƙarama, filaya, 'yar guduma, famfo mai fatar da muke jiƙawa da mai, gwangwanin giris, da wani ɗan ƙarfe mai tsaga na ɗaure wayoyin ƙafa, wanda yake ratayawa a wuya kamar laya. Wannan ɗan ƙarfen sai da na daɗe kafin ya bari na taɓa, don gyaran gare, wato zoben ƙarfen da taya take zama a kai, shi ya raba mai gyara da mai faci. A kifa keke, a juya ƙafa, ka riƙe gawayi kusa da garen. Inda ya shafa baƙi, nan ya karkata. Ka ɗaure wayar wancan ɓangaren, ka sassauta ta wannan, kaɗan-kaɗan, kamar mai sasanta 'yan'uwa kan iyakar gona. In ka matsa wa ɗaya da yawa, rigimar ba ta mutu ba, wuri ta sake.

Da na yi ƙarfi na bar gindin darbejiya, na kama shago a Gwarzo, na fara saro sababbi daga Kano. A akwati suke zuwa gunduwa-gunduwa, mu haɗa su a can. Da farko a mota nake lodo su, sai su iso fenti a kankare, gare a lanƙwashe, don yaron mota ba ruwansa, buhun gishiri ma a kansu zai ɗora. Sai na koma dabarar manyanmu, wato ayari. Mu shiga mota da sassafe ni da mahaya, kowa ya karɓi sabon keke, mu fito ta Kabuga mu miƙo hanyar gida ƙafa a kan feda. Sabon keke ɗanye ne, hanya ce take dafa shi. Duk abin da zai kwance, a wannan tafiyar zai kwance, waya ta saki, sirdi ya zauna, birki ya nuna halinsa. Washegari in bi su ɗaya bayan ɗaya in sake ɗaurewa. Keken da aka yi wa haka sai ya daɗe bai nemi sifana ba.

Mutanen ƙauye sun gane wannan kafin in yi musu bayani. Manomi in ya zo saye ba ya kallon fenti. Zai ɗaga keken ya ji nauyinsa, ya danna kariya da gwiwar hannu yana auna buhun taki a ransa, sannan ya dube ni ya ce, "Alhaji, ya sha hanya?" In na ce ya sha, ciniki ya faɗa. In na ce bai sha ba, sai ya ce zai je ya yi shawara, kuma shawarar ba ta ƙarewa.

Ayari yana da mutum biyu da ba a wasa da su. Akwai madugu a gaba, shi yake sa tafiya, shi yake cewa a tsaya a yi salla ko a sha ruwa. Sai ɗan baya. Shi ne na ƙarshe, amma ba don shi ne rago ba. Mafi ƙarfi ake sawa, don shi zai tsaya da duk wanda ya tsaya, ya gyara masa, sannan su kamo ayari tare. Ba ya hawan sabon keke, tsohonsa ake ɗora masa a kan mota zuwa Kano, wanda ya san halinsa, da buhun kayan aiki da jarkar ruwa a kariya. Ba ya wuce kowa, ko kunkuru ne a gabansa. Dokar da ta fi kowacce kuwa: in an iso gida, ba a buɗe kwanon abinci sai an ji ƙararrawarsa.

Ɗan bayanmu Malam Buba ne na Lakwaya. Kakanninsa makiyaya ne, shi kuma noma yake yi da 'yan shanunsa. Dogo ne siriri kamar karan dawa, ba ya sauri, ba ya gajiya. Yana ce mini Kaɗo, ina ce masa Ɗan Fillo, har muka yi furfura ba wanda ya fasa. Ƙararrawarsa ta tsage tun zamanin da, tana kuka kamar akuya mai mura. Na sha miƙa masa sabuwa kyauta yana ture hannuna.

"Kaɗo, sabuwa ai kowa yana da ita. Wannan in ta yi kuka, ko cikin gidanka an san ni ne, a sauke tukunya."

Akwai ranar da feda ta zare wa wani mahayinmu wajen Rimin Gado, rana ta take tsaka. Mu da muke gaba ba mu ma sani ba. Malam Buba ya zauna a bakin titi ya daddaƙa ƙusa da dutse har ta zama ƙarfen riƙe feda, suka taho a hankali. Mun iso tuni, ga tuwo a gaba, ga yunwa kamar mu ci babu, amma ba wanda ya ɗaga murfi. Tuwon ya yi sanyi ƙalau kafin akuyar ta yi kuka. Ban taɓa cin mai daɗinsa ba.

Mummunar shekara ba fari ne ya kawo mini ita ba, babur ne. Ya yi araha, ya cika gari, wanda jiya yake roƙona in ajiye masa keke yau sai ya wuce ni yana danna oda. Kekuna suka kwana a shago har tayoyinsu suka fara tsattsagewa a tsaye. Na shafe su da giris na rataye a rufi kamar albasa. Mahaya suka watse, rabi suka koma acaba, ayari ya mutu. Ban rufe shago ba. Na koma gyaran ƙafafun kurar 'yan garuwa da sayar da tayar baro, na sake zama ƙasa ina faci kamar ban taɓa zama Alhaji ba. Duk ranar kasuwa Malam Buba zai taho daga Lakwaya ya jingine kekensa ya ce in ƙara masa iska. In danna tayar in ji ta kamar dutse.

"Ɗan Fillo, ina zan sa iskar?"

"Sa dai, Kaɗo. Kada famfonka ya manta aiki."

Haka muka yi ta yi har man fetur ya yi tsada, mutane suka shiga ɗakunan ajiya suna zaƙulo kekunan iyayensu, da tsatsa da yanar gizo. Na sauko da albasata daga rufi. Bayan nan ne irinku suka ɓullo, masu hawa don nishaɗi da lafiyar jiki, abin da a zamaninmu da an ce mutum ya rasa aikin yi.

To, ga abin da kuka tambaya. Tafiyar da aka ce ba za a tashi ba sai babban baƙo ya iso, ku bar musu abarsu. Babban baƙo ba ya zuwa sai rana ta yi zafi, in an gama ɗaukar hoto kuma motar ruwa bayansa take bi. Haka wadda ake tsere a babban titi tsakanin manyan motoci ba mai tsare hanya, rigar da za a ba ka ba ta kai fatar gwiwarka daraja ba. Amma in 'yan ƙungiyarku sun shirya tsohuwar hanyarmu, daga Kano zuwa Gwarzo, ku shiga ko sau ɗaya ne a rayuwa. A tashi da sanyin safiya, kuma kada ku cika taya da iska tam, ku bar mata wurin numfashi, don iskar safe kumbura take yi in kwalta ta gasu. Akwai kuma ta zumunci da ake yi wajen mahayan ƙasar Katsina ta hanyar Dayi, a kwana a dawo. Wannan ma ta cancanta. Can za a tare ku da "kun iso lahiya", a cika ku da fura har feda ta yi muku nauyi, watarana su ma su zo ku rama. Sai dai wadda na fi so, wadda ko yau aka ce in zaɓi ɗaya ita zan zaɓa, ita ce ta bayan girbi, daga Gwarzo zuwa Kabo ta cikin ƙauyuka, a ratsa ƙasar Durun da Dugabau. Nura, yayan wasunku, shi da abokansa suka fara shirya ta. Hanyar ba ta da daɗi, ga yashi ga ƙaya. Dalilin da ya sa nake son ta daban ne.

Sarƙa ɗaya na taɓa hana mai saye a duk zamana a shago. Wata ranar kasuwa ce, sai ga Malam Buba a bayan babur, an ɗauko shi kamar buhun taki. Haruna ne ya kawo shi, ɗansa na fari, wanda saboda kunyar ɗan fari uban bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma taɓa yi masa magana ido da ido a gaban mutane ba. Haruna ya gaishe ni ya shiga kasuwa. Tsohon ya zauna a benci, muka gaisa tun daga gajiya har shanu, sannan ya ce, "Kaɗo, ba ni sarƙa."

"Ina taka?"

"Yaron can ya cire ya ɓoye."

Kafin in tambayi dalili Haruna ya dawo, ya durƙusa. "Baba Alhaji, don girman Allah kada ka ba shi. A rami muka tsince shi kan hanyar gona, keke a kansa, kafaɗa duk ta saɓule. Ƙarfinsa ya ƙare, shi ne bai yarda ba. Ni da ƙannena mun yi magana, ya gama hawan keke. Duk inda yake so ni zan kai shi."

Malam Buba ya juya fuska ga bango. "Kaɗo, gaya wa mai babur, ƙafar da ta kai shi asibiti a kariya lokacin da ƙyanda ta kama shi ba ta mutu ba tukuna."

Na dubi uba na dubi ɗa, kowa da gaskiyarsa, kamar wayoyin gare. In na ɗaure nan, can ya karkace. Sai na ce, "Ku saurara. Tafiyar su Nura ta kusa, kuma ba su da ɗan baya. A ba shi. Kai Haruna ka bi mu a babur da ruwa. In ya shiga Kabo da ƙafarsa, sarƙa tasa ce, ba mai ƙara taɓa ta. In ya hau bayanka kafin Kabo, ni da hannuna zan rataye kekensa a rufin shagon nan."

Haruna ya ce ya yarda. Tsohon ya ce da bango shi ma ya yarda. Nura ne ya so ya ba ni wahala.

"Baba Alhaji, in ya faɗi a hannunmu fa? Mu fa gudu muke yi."

"Ku yi gudunku har ku tashi sama. Amma in kun isa, ba mai buɗe kwano sai kun ji ƙararrawarsa. In ba haka ba, ku nemi wani famfon, nawa ya daina aro."

Ana gobe tafiya aka kawo mini keken a kan amalanke, na sa masa sabuwar sarƙa, na cika ta da mai. Malam Buba yana tsugune kusa da ni.

"Kaɗo, kai ma za ka hau."

"Da wannan tumbin?"

"Za ka hau. Ka sa farar rigarka ta Juma'a, ka zauna gabana."

"Farar riga a kan keke? Ka taɓa ganin inda giris ya bar fari?"

"Farar dai."

Na yi dariya na miƙa masa sifana ya riƙe mini. Hannunsa ya wuce ta gefenta ya kamo iska, sannan ya lalubo ta. Mai ciniki hannu yake kallo, ba baki ba.

Gari na wayewa muka tashi. Kafin in gama gyara zama a sirdi samarin sun ɓace, sai ƙyallin hulunansu. Ni ne na kusa da ƙarshe, ina haki kamar zugazugi, rigata tana kaɗawa, Malam Buba a bayana. Haruna yana can nesa, don uban ya sa na gaya masa hayaƙin babur yana sa shi tari. Gonaki duk an kwashe, sai kara a tattare, mata a masussuka suna ɗaga hannu suna yi mana sannu. Duk inda na karkata, tayar tsohon ta karkata. In na kauce wa rami, ya kauce daidai inda na kauce. Numfashinsa ko canjawa bai yi ba.

A ƙasar Durun yashi ya kama mu, muka sauka muka tura, don keke ba ya jin kunyar turi. Da muka fita na jingina a gindin wata tsamiya, gumi ya jiƙe ni sharkaf, na kama rigar zan tuɓe in bar 'yar shara mai ruwan ƙasa da ke ciki.

"Mayar da ita," in ji shi.

Na mayar. Na nuna can gaba. "Ɗan Fillo, mene ne wancan?"

Ya ƙura ido. "Bishiya ce."

"Rumbu ne."

"To, in Kaɗo ya gina rumbu kamar bishiya, laifina ne?"

"Buba."

Rabon da in kira shi da sunansa har na manta. Ya sha ruwa, ya rufe jarka, ya daɗe yana murza murfin.

"Yanar ido ce," in ji shi. "Hanya duk ta zama kunu. Amma fari ina ganinsa. In akwai mutum a gabana, ko Makka ne sai in kai."

"Ran da ka faɗa rami kai kaɗai ne."

"Ni kaɗai."

"Me ya hana ka faɗa a gida?"

"Don rauni kaɗan sun cire sarƙa. In suka ji ido ne, sai su cire ni daga ƙofar gida."

Na ji ƙarar babur tana matsowa. Na ce, "Zan kai ka Kabo. Amma ka san ni, ban taɓa sayar da keke na ɓoye tsagar da ke jikinsa ba. In mun isa, ko ka faɗa ko in faɗa."

"Ka cuce ni, Kaɗo."

"Hau mu tafi."

Daga nan ina tafe ina faɗa masa hanya ƙasa-ƙasa, rami a hagu, kututture a dama, ga jaki yana tsallakawa. Shi kuma yana ramawa da cewa tumbina ya tare masa rabin duniya. Wajen Dugabau muka tarar da ɗaya daga cikin samarin a gefen hanya, taya a kwance, ya yi faci ta sake sacewa. Na so in ce Haruna ya ji da shi, amma ɗan baya ba ya wuce kowa. Malam Buba ya sauka, ya kwance buhunsa, ya zura yatsu cikin tayar ya zagaya, ya zaro ƙaya ya ɗora wa saurayin a tafin hannu. Wannan aikin dama ba na ido ba ne. Saurayin ya yi godiya ya ce zai tafi tare da mu, ya shiga gabana, muka ci gaba a jere.

Rana ta karkata kafin mu hango Kabo. Cinyoyina sun daina jin maganata tun tuni. A inuwar da ke kusa da kasuwa samarin suna zube, sun cire huluna, ga kwanukan shinkafa da wake a tsakiya a rufe, Nura yana zaune a kan babban kamar kaza a kan ƙwai. Daga baya na ji wasu sun so su ɓalle doka, ya ce duk wanda ya taɓa murfi ya nemi wata ƙungiyar. Muna shiga fili Malam Buba ya danna ƙararrawa. Akuyar ta yi kukanta. Wurin ya kaure da ihu, wasu suna buga kwano, wasu suna cewa, "Baba ya iso! A buɗe!"

Haruna ya kashe babur, ya zo ya durƙusa gabana. "Baba Alhaji, na gani da idona. Ko sau ɗaya bai yi tangaɗi ba. Ni ne ban fahimta ba. Sarƙa tasa ce."

Malam Buba ya ci nasara. In ya yi shiru da maganar ido, ni ne zan zama mai ɓata biki. Na dube shi, yana tsaye riƙe da kan kekensa, fuskarsa tana wajen rigata. Samarin sun fara wanke hannu.

"Kaɗo," in ji shi da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Gaya wa mai babur, maganar ƙafa ƙarya ya yi mini, ƙafa lafiya lau. Amma gaya masa tun daga Gwarzo ban ga hanya ba. Rigarka na biyo. Ido ne ya tafi kiwo bai dawo ba."

Ban maimaita ba, don mai babur yana da kunne. Haruna ya daɗe kansa a ƙasa yana wasa da makullin babur. Na san abin da yake aunawa: alkawari ya riga ya fita daga bakinsa a gaban mutane, ga kuma ramin kan hanyar gona yana nan inda yake.

"Baba Alhaji," ya ce, "gaya masa za mu je asibitin ido, wannan ba shawara ba ce."

"Ya ji."

"Keke kuma, gaya masa na ce nasa ne, ban janye ba. Amma ba zai ƙara hawa shi kaɗai ba." Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. "Gaya masa ni ma ina da farar riga."

Malam Buba ya juya ga bishiya. "Kaɗo, tambaye shi, ya iya hawa kuwa? Ko sai na sake koya masa?"

Nura ya ɗaga murfi. Abincin ya huce, ba wanda ya yi ƙorafi.

Ranar kasuwar da ta biyo baya Haruna ya zo shago ya ɗaga keke ya ji nauyinsa, ya danna kariya, ya tambaye ni ko ya sha hanya. Na ba shi wanda na hau zuwa Kabo, na ce wannan har tumbi ya sha.

Don haka in an kawo muku labarin wata tafiya, kada ku fara da tambayar nisanta ko launin rigarta. Ku tambaya wa ke baya, kuma za a jira shi a ci abinci? In mai shiryawa ya tsaya yana sosa ƙeya, ku bar kekenku ya huta. In ya faɗi sunan mutum, ku zo in duba muku birki.

An yi wa Malam Buba aikin ido, yanzu rumbu rumbu ne, bishiya bishiya ce, har yana cewa bai san na tsufa haka ba. Amma Haruna bai cire farar rigar ba, uban kuma bai aiko ni in ce ya cire ba. Ranar kasuwa ku dubi hanyar Lakwaya da hantsi, za ku hango fari a gaba, dogo a baya. In kun ji akuya mai mura ta yi kuka, ku janye kekunanku daga ƙofa, ku ba tsoho benci.